Tutsun Dokin Ƙarfe: Darasin Tseren Babura Na Duniya Ga Mahayan Bakura Da Kewaye

Duk wanda ya san Bakura da Talata Mafara da Maradun ya san cewa babur ya daɗe da gaje jaki da doki da keke a wannan yanki. Shi ke kai manomi fadamar Bakolori da asuba, shi ke ɗauko buhun shinkafa daga gona, shi ke kai mai naƙuda asibiti, shi ne kuma jarin dubban matasa 'yan kabu-kabu. Ranar Talata, idan kasuwar Mafara ta cika ta batse, baburan da ke kwararowa daga Rini da Damri da Birnin Tudu da sauran ƙauyuka sun fi ƙarfin a ƙirga. Sai dai wannan dokin ƙarfe da ya zame mana gata shi ne kuma ke cika gidajen masu ɗori da karayayyu, yana mayar da magidanta guragu, yana barin marayu.

Idan hatsari ya auku, bayani biyu aka saba ji. Wasu su ce ƙaddara ce, wasu su ce gangancin yaran zamani ne. Ba a musun ko ɗaya. Amma akwai na uku da ba a cika kawowa ba, wato shi kansa mashin ɗin: yadda aka ƙera injinsa, da irin birkinsa, da tayarsa, da abin da yake yi a cikin ƙiftawar idon da mahayi ya kuskure. Babu kuwa inda aka yi wa wannan fanni binciken ƙwaƙwaf kamar fagen tseren babura na duniya da ake kira MotoGP, inda kamfanoni ke zuba dukiya mai ɗimbin yawa don gano dalilin da ke sa babur ya kayar da mai shi. Abin da suka gano ya shafi ɗan kabu-kabun Lambar Bakura fiye da yadda ake zato.

An soma wannan gasa a 1949. A babban rukuninta, tun daga 2012 ana amfani da inji mai girman cc 1,000, ƙarfinsa ya doshi doki 300, alhali nauyin da doka ta ce kada babur ya gaza shi kilo 157 ne kacal. Don mai karatu ya kwatanta, irin su Boxer da ake kabu-kabu da su a nan ƙarfinsu tsakanin doki takwas ne da sha biyu. A 2023, wani ɗan Afirka ta Kudu, Brad Binder, ya yi gudun kilomita 366 a awa guda a filin Mugello na Italiya. A kwana kuwa, mahayan kan kwantar da babur fiye da digiri 60, har gwiwa da gwiwar hannu su riƙa gugar kwalta. Duk wannan ƙarfi da gudu sun dogara ne a kan ɗan wurin da taya ke taɓa ƙasa, wanda faɗinsa bai kai tafin hannu ba. A nan rai yake rataye.

Masana wannan wasa sun kasa faɗuwa gida biyu. Ta farko ita ce ta zamiya: taya, galibi ta gaba, ta saki ƙasa a cikin kwana, babur ya kwanta ta ɓangaren da ya karkata, shi da mahayi su yi ta sulɓewa har su tsaya. Ta biyu, wadda aka fi tsoro, ita ce ta tutsu. Mahayi yana fita daga kwana sai ya murza totur, ƙarfin inji ya rinjayi riƙon tayar baya, ta fara jujjuyawa a banza tana zamewa gefe. Da ya firgita ya saki totur, sai tayar ta sake cafkar kwalta farat ɗaya, babur ya miƙe da ƙarfi ya cilla shi sama, kamar yadda ingarma mai tutsu ke watsar da mahayin da bai ƙware ba. Wanda ya zame yakan tashi da ƙujewa. Wanda aka cilla kuwa daga sama yake faɗowa, a kan kafaɗa ko ƙugu ko ka.

Zamanin da tutsu ya fi yin ɓarna shi ne na injuna masu bugu biyu, masu girman cc 500, waɗanda suka mamaye gasar har zuwa 2001. Dattawan bakanikenmu sun san wannan iri, domin dangin tsofaffin Suzuki da Yamaha da Jincheng ne, masu shan baƙin mai tare da fetur suna tuttuɗo hayaƙi. Halin irin wannan inji shi ne, a ƙaramin juyi ba shi da kuzari, amma da ya kai wani matsayi sai ƙarfi ya zo gaba ɗaya kamar an ɓalle madatsar ruwa. Babu wata na'ura tsakanin hannun mahayi da taya, waya ce kawai daga totur zuwa kafireto. Kuskuren murzawa ɗan ƙanƙani ya isa ya aika gwani asibiti.

A 1992 injiniyoyin Honda suka zo da wata dabara. Injin baburinsu na NSR500 yana da tukwane huɗu, kuma a da ana rarraba bugunsu daidai-wa-daida a cikin zagaye. Sai suka matso da bugun huɗun wuri guda, cikin kimanin digiri 70 daga 360, sauran zagayen kuma shiru. Bayanin da aka fi yarda da shi a lokacin shi ne, wannan ɗan shiru yana ba taya damar numfasawa ta sake kama ƙasa, yana kuma ba mahayi damar jin abin da tayar ke ciki. Ba a ƙara wa injin ƙarfi ba, yadda yake miƙa ƙarfin kawai aka sauya. Da wannan babur Mick Doohan, ɗan Ostireliya, ya ci tsere biyar daga cikin bakwai na farkon shekarar, sauran kamfanoni kuma suka yi rige-rigen kwaikwayo.

Amma dabarar ba ta kawar da hatsari ba. A wannan shekarar Doohan ya faɗi a filin Assen na Holand, ƙiris ya rage a yanke masa ƙafar dama, har sai da likitan gasar, Claudio Costa, ya ɗinke ƙafafunsa biyu wuri guda na ɗan lokaci don mai lafiyar ta ciyar da mai ciwon da jini. Ya dawo ya ci kambu biyar a jere daga 1994 zuwa 1998, yana taka birkin baya da babban yatsan hannu saboda ƙafar ta daina lanƙwasuwa. Abokin hamayyarsa, Ba'amurke Wayne Rainey, bai yi wannan sa'a ba: ya faɗi a Misano a watan Satumba na 1993, ƙashin bayansa ya karye, bai sake takawa ba.

Daga 2002 aka koma injuna masu bugu huɗu, kusan daidai lokacin da su ma titunanmu suka fara sauyawa daga masu hayaƙi zuwa irin na yanzu. Darasin 1992 bai ɓace ba. A 2004 Yamaha ta sake tsarin sandar da fistin ke juyawa don bugun injin ya zo a rarrabe ba daidai ba, ta rage zafin kai ta ƙara ladabi, Valentino Rossi kuwa ya ci tseren farko da shi a Welkom ta Afirka ta Kudu, ya kuma ɗauki kambun shekarar. Ma'ana dai, injin da ke biyayya ga hannu ya fi injin da ke da ƙarfi kawai.

Sai kuma kwamfuta ta shigo. A baburan tsere na yau, murza totur saƙo ne kawai ake aika wa ƙwaƙwalwar inji, ita ce ke yanke hukuncin yawan ƙarfin da za a saki. Akwai ma'auni a kowace taya da ke ƙirga juyinta, akwai wani da ke auna karkatar babur. Da zarar tayar baya ta fi ta gaba juyi fiye da ƙima, ƙwaƙwalwar ta gane sulɓi ya fara, sai ta rage iska ko ta jinkirta wutar fulogi, tun kafin mahayi ya ankara. Ita ce kuma ke hana gaban babur ɗagawa sama idan an taso da ƙarfi, ita ke sassauta riƙon inji idan an sauko da giya a bakin kwana don kada tayar baya ta ƙulle. Da wannan aka rage faɗuwar tutsu ƙwarai da gaske.

To, amma kowane gata da nasa sharaɗi. A filin Aragon na Sifaniya, a watan Satumba na 2013, Marc Márquez ya ɗan gogi bayan babur ɗin abokin aikinsa Dani Pedrosa. Gugar ba ta kayar da kowa ba, sai dai ta tsinke siririyar wayar ma'aunin tayar baya. Pedrosa bai sani ba, ya murza totur kamar yadda ya saba, yana zaton na'ura na nan tana gadinsa, nan take babur ya yi sama da shi. Wayar da ba ta kai kaurin tsinken tsintsiya biyu ba ita ce ta raba gwani da sirdi. Wanda ya saba jingina da bango, ranar da aka janye bangon faɗuwarsa ta fi ta kowa muni.

Bugu da ƙari, na'ura ba ta gyara babur ɗin da aka ƙera da mugun hali. A 2016 aka wajabta wa dukan kamfanoni amfani da manhaja iri ɗaya don rage tsada da daidaita gasa, kuma daga nan halin kowane inji ya ƙara fitowa fili. Shi kansa Márquez, gwanin da ya yi suna wajen ceto babur yana dab da faɗuwa, tutsu ya karya masa dantsen dama a Jerez a watan Yuli na 2020, sai da aka yi masa tiyata huɗu. A 2022 wani tutsun ya cilla shi a Mandalika ta Indunusiya, ya koma yana ganin abu bibbiyu. A 2023 ya faɗi sau biyar cikin kwana uku a Sachsenring ta Jamus. Da ya sauya sheƙa zuwa baburan Ducati, sai ga shi ya sake zama zakaran duniya a 2025. Mutumin bai sauya ba, mashin ne ya sauya.

Akwai kuma wani abu da ya kamata a yi wa nazari. Da aka toshe hatsari ta baya, sai ya ɓullo ta gaba. Tunda na'ura na tsaron tayar baya, babu sauran wurin nuna fifiko sai wajen taka birki, don haka kowa ke jinkirta birki har bakin kwana, nauyi duka ya koma kan tayar gaba, wadda babu kwamfutar da ke gadinta, domin dokar gasar ta haramta birkin nan mai hana taya ƙullewa da ake kira ABS. Fukafukan da aka liƙa wa baburan don iska ta danne su ƙasa sun ƙara wa tayar gaban wahala, musamman idan mahayi na bin bayan wani, inda zafi ke kumbura ta riƙonta ya ragu. Saboda haka ne hukumar gasar ta yanke shawarar cewa daga 2027 za a rage girman inji zuwa cc 850, a rage fukafukai, a kuma haramta na'urar da ke durƙusar da babur don ya ƙara saurin tashi. Masu kuɗin duniya da injiniyoyinta sun yarda da kansu cewa gudu yana da iyakar da in ya wuce ta, dabara ba ta riskarsa.

Abin da ya fi rage mutuwa a wannan fage ma ba a cikin inji yake ba. Filayen tsere suna da faffaɗan fili na tsakuwa a bayan kowace kwana, da katangar iska, da likitoci da jirgi mai saukar ungulu a shirye. Mahayi na sanye da rigar fata da hular kwano mai inganci, kuma tun 2018 dole ne rigar ta kasance da jakar iska da ke kumbura kafin ya taɓa ƙasa. Duk da haka an yi rashe-rashe. Daijiro Kato ya rasu bayan ya daki katanga a Suzuka ta Japan a 2003. Marco Simoncelli ya rasu a Sepang ta Malesiya ranar 23 ga Oktoba, 2011, lokacin da ya zame ya faɗo gaban masu bin bayansa. Ba faɗuwar ce ta fi kisa ba, abin da mutum ya daka ko abin da ya dake shi bayan ya faɗi.

Yanzu sai mu dawo gida. Mahayin da ya taso daga Bakura zai hau babban titin Sakkwato zuwa Gusau ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan kariya. Bayan kwanarsa ba tsakuwa ba ce, tirela ce ko tifa ko garken shanu. Rigar fatarsa 'yar shara ce, takalminsa silifa, asibitin da zai iya ɗaukar mai raunin ka kuwa yana Gusau ko Sakkwato, tafiyar da ba ta kasa awa guda ba. Baburinsa ba shi da ƙwaƙwalwa ko ma'auni, don haka duk aikin da kwamfuta ke yi wa Márquez, hannunsa da idonsa ne za su yi masa. Ƙa'idar da ke kayar da babur kuwa ɗaya ce a Mugello da Maradun.

Wani zai ce injin doki goma ba ya tutsu. A kan busasshiyar kwalta, da wuya. Amma yashin da iska ke sharowa kan titi lokacin hunturu, da laka da santsin hanyoyin fadama da damina, da tsakuwar burji, duk suna rage riƙon taya har ƙaramin inji ya fi ƙarfinta. A nan ma, sakin totur farat ɗaya ko danna birkin baya da ƙarfi sannan a sake shi bayan babur ya karkace, shi ne ke jawo a cilla mutum. Maganin da 'yan tsere suka koya da jininsu shi ne sannu: a rage gudu tun babur na tsaye kafin a shiga kwana, a murza a hankali wajen fita.

Batun birki ya fi komai muhimmanci. Idan aka taka birki nauyi kan koma gaba, shi ya sa tayar gaba ce ke ɗauke da mafi yawan aikin tsayawa. Amma mahaya da dama a wajenmu tsoron birkin gaba suke yi, wasu ma sun bar wayarsa ta tsinke ba su damu ba, sun dogara da na ƙafa kaɗai, wanda ke ƙulle taya ya ja mutum ƙasa. Mai gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa, kuma idan gudu ya ninka sau biyu, tazarar tsayawa sau huɗu take ninkawa. A ɗora wa wannan babur mutum uku da buhun taki, a bar tayarsa ta suɗe ta zama kamar tafin hannu, a bar falkanaiza ya ɗura mata iska da ka ba tare da ma'auni ba, sannan a ce ƙaddara. A MotoGP, hukunta mahayi ake yi idan iskar tayarsa ta gaza abin da aka ƙayyade. Haka nan samarin da ke kai mashin wajen bakanike a huda salansa, a taɓa kafireto don ya ƙara zafi, su yi ta wasan ganganci ranar biki da Sallah, kishiyar abin da injiniyoyin duniya suka shekara talatin suna yi suke aikatawa: su suna neman ladabtar da inji, mu muna koya masa rashin kunya.

Ba a kan mahayi kaɗai nauyin yake ba. Birkin ABS da aka hana 'yan tsere, don gasarsu ta gwada gwaninta ce, shi ne wasu ƙasashe suka wajabta wa mai hawan titi. Tarayyar Turai ta tilasta sanya shi a kan duk sabon babur da ya haura cc 125 daga 2017. Indiya, ƙasar da ake ƙera da yawa daga baburanmu, ta bi sahu daga watan Afrilu na 2019, ta kuma ce ƙanana su zo da aƙalla birkin haɗin gwiwa, wanda idan an taka na baya na gaba ma yake kamawa daidai gwargwado. Wannan na biyun ba ya buƙatar kwamfuta, tsari ne na waya da ƙarfe, kuma shi ne ya dace da mutanen da ke tsoron birkin gaba. Gaskiya ne ABS ba ya aiki a kan rairayi kamar yadda yake yi a kwalta, kuma zai ƙara wa babur tsada. Amma ya dace Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, wato SON, da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya su tambayi kansu: me ya sa abin da ƙasar maƙera ta ga bai kamata a sayar wa ɗanta ba sai da shi, ba mu sa shi cikin sharuɗɗan shigo da kaya ba? Wakilan Zamfara ta Yamma a majalisun tarayya suna da bakin da za su tayar da wannan magana.

Idan mai karatu bai manta ba, a watan Janairu na 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta sanya hular kwano, har aka riƙa ganin masu kifa ƙwarya a ka don kauce wa kamu, daga baya dokar ta bi ruwa a mafi yawan garuruwan Arewa. Alhali binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana kafa hujja da shi ya nuna hular kirki na rage haɗarin mutuwa da kimanin kashi 42 cikin ɗari, raunin ka kuma da kashi 69. Dokokin da aka yi wa babur daga baya, kamar hana acaba a Kano a 2013 da taƙaita zirga-zirgar babura a Zamfara a 2021, matsalar tsaro ce ta haifar da su. Dalili ne mai ƙarfi, ba a ja da shi. Sai dai ya sa an koma kallon babur ta fuskar wanda ya hau shi da abin da ya ɗauko, an manta da lafiyar mashin ɗin da ta kan mai tuƙa shi.

Akwai abin da ba sai an jira Abuja ba. Ƙungiyoyin 'yan kabu-kabu na Bakura da Mafara da Maradun suna karɓar kuɗin tikiti kullum, suna iya cewa babu mai shiga layi sai birkinsa biyu na kamawa, tayarsa na da zane, fitilarsa na ci. Ƙananan hukumomi da 'yan siyasar da ke rabon babura da sunan tallafi su haɗa kowane da hula biyu da horon kwana ɗaya a kan birki da kwana. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara tana da malaman injiniya da za su iya tsara wannan horo da Hausa, su haɗa da bakanike da falkanaiza. Iyayen ƙasa da malamai kuma su ci gaba da tunatar da jama'a cewa ɗaukar mataki bai saɓa wa yarda da ƙaddara ba.

Hausawa na cewa in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Gwanayen duniya, da injiniyoyinsu da kwamfutocinsu da likitocinsu, sun biya da ƙafafu da kafaɗu da rayuka kafin su gane cewa ƙarfin da taya ba za ta iya riƙewa ba abokin gaba ne. Mu an ba mu wannan ilimi kyauta. Ya rage namu mu duba birki da taya kafin mu tayar da mashin gobe da safe. Allah Ya tsare mu sharrin ƙarfe, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.